Dutse Ba Ya Sa Hannu a Kundin Digiri

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a tsakanin masu neman digirin digirgir a Amurka da Kanada wadda ya wajaba mu yi tir da ita. Wai sai mutum ya duba taswirar duwatsu tun bai duba sunayen malamai ba! Ya zaɓi Jami'ar Jihar Montana da ke Bozeman saboda kwazazzabon Hyalite, inda ruwan da ke kwararowa daga dutse kan daskare da hunturu, a hau shi da gatari da takalma masu ƙayar ƙarfe, ko kuwa ya nufi Calgary don kawai tana kusa da tsaunukan Banff.

Ba mu raina waɗannan jami'o'i ba, amma a yi lissafi mana. Ƙanƙarar hawa ba ta wuce wata 4 ko 5 a shekara, alhali digirin a Amurka kan ci shekara 5 ko 6. Duk tsawon wannan lokaci malami guda ne zai duba aikinka, ya nemo kuɗin bincike, ya rubuta maka takardar shaida. In bai san fanninka ba, ko kuɗinsa ya ƙare a tsakiya, wane tsauni ne zai cece ka?

Saboda haka muna kira da a fara tambayar tsofaffin ɗalibansa shekara nawa suka yi, ina kuma suke aiki yanzu. In jami'o'i biyu sun yi kunnen doki, to, a bar dutse ya raba gardama. Tun ran gini, tun ran zane.