Allon da bai san tiya ba

Duk wanda ya bi hanya daga Tasawa zuwa Korgom, ko ya ratsa ƙauyukan Mayahi, ya san manyan allunan ƙarfe da masu ayyukan raya karkara ke kakkafawa: sabon fenti, tutocin masu ba da tallafi, Faransanci layi-layi, da miliyoyin sefa. A ɗauki hoto a aika Yamai, a ce an sanar da jama'a. Wace jama'a?

Amfanin allo ɗaya ne: mutum ya duba, ya fahimta, ya yanke shawara. Manomi yana son ya san ko ya sayar da hatsinsa da kaka ko ya bar shi a rumbu. Ɗan kasuwa yana son ya san ko kayansa su nufi Maraɗi ko su tsallaka Katsina. Allon da bai taimaka musu ba, kuɗinsa sun tafi a fenti.

Labarin farashi kuwa akwai shi. Tun 1989 Nijar ke da hukumar tattara farashin hatsi a kasuwanni, wadda ake kira SIMA. Sai dai alƙalumanta da kilo da tamma ake rubuta su, alhali Bakorgome da tiya yake awo, da dala yake lissafi. In an rubuta kilo 200, tiya mai kilo biyu da rabi ta kama dala ɗari ke nan. Wa zai yi wannan lissafi a tsaye cikin rana? Dillali, wanda dama ya san farashi.

A yunwar 2005 alƙaluma sun nuna hatsi yana hawa wata bayan wata, amma a ofisoshi suka kwana. Wanda ya sayar da arha da kaka, shi ya saya da tsada da damina.

Tun 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa, uzuri ya ƙare. A kafa allon farashi a bakin kasuwa, da boko da ajami, da tiya da dala da canjin naira, da kwanan wata. Sannan a gwada shi: ranar kasuwa a tsai da mutum goma, har da mata masu awo, a tambaye su abin da suka gane. In bakwai suka yi shiru, a sauke allon, ma'aikacin da ya sa hannu ya yi bayani. An ce gani ya kori ji, amma ganin da babu fahimta a cikinsa bai kori komi ba.