Ciwon Hanta Ba Ya Buƙatar Jiƙon Ƙarfafa Garkuwa

Ƙwayar cutar hanta nau'in B ba ta cika lalata hanta da kanta ba. Garkuwar jiki ce ke gano alamunta a ƙwayoyin hanta, ta yi ta far musu shekara da shekaru, har hantar ta cika da tabo, wani lokaci ta kai ga ciwon daji. Shi ya sa nake ganin masu tallan jiƙon "ƙarfafa garkuwa" a kasuwanninmu cutar marasa lafiya suke yi. Za a ce ai garkuwar ce ke raba yawancin manya da cutar. Haka ne, amma wanda ta riga ta zame masa jiki, musamman tun yana jariri, faɗan ba ya ƙarewa. Abin da ke lafar da shi magani ne irin tenofovir, mai hana ƙwayar hayayyafa, wanda likita ke bayarwa bayan gwajin jini.