Littafin Da Ba A Kankare Shi

Jama'a, yau zancenmu na kasuwa ne.

Mu akawuna mun san wahalar ƙarshen wata. Littafinka ya ce kaza, na wancan ofis ya ce kaza, a yini ana neman inda kuskure ya shige. To, haka abin yake a manyan kasuwannin hannun jari. Mai saye da littafinsa, dillali da nasa, banki da nasa, don haka ciniki ba ya ƙarewa ran da aka ƙulla shi. Ko a Amurka sai cikin 2024 aka rage jiran daga kwana 2 zuwa kwana 1.

Dabarar da ake kira bulokcen, watau littafi guda ne, amma kowane mai ciniki yana da kwafinsa cikin kwamfuta. Kowane shafi an ɗaure shi da wanda ya gabace shi da wata alama ta lissafi, in wani ya taɓa harafi ɗaya, sauran kwafin su tona masa asiri. Takardar bashi ko ta hannun jari akan rubuta ta ciki, ta zama abin da suke kira tokin, sa'an nan kuɗi da takarda su iya canja hannu lokaci guda.

Ba tatsuniya ba ce. Cikin 2021 Bankin Zuba Jari na Turai ya ci bashin Yuro miliyan 100 ta wannan hanya. Amma kada mu yi gaggawa. Kasuwar hannun jari ta Ostireliya ta yi shekaru tana ƙoƙarin mai da littafinta irin wannan, cikin 2022 ta haƙura, bayan hasarar wajen dalar ƙasar miliyan 250.

Abin da ya fi damuna shi ne, littafin ba ya tantance gaskiyar abin da aka fara rubuta masa. In an rubuta ƙarya, ƙaryar za ya tsare. Saboda haka ne na yi murna da dokar Nijeriya ta 2025, wadda ta sa irin wannan dukiya ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari.

'Yan'uwa, in an kawo muku tallar tokin, ku tambaya: wace dukiya ke bayansa, wa ke ajiye da ita, wace hukuma ta ba da izini, gaban wane alƙali za a kai ƙara? Wanda ya kasa amsa, ku riƙe kuɗinku.

Wassalam.

Naku,
Akawu