Tsiren Briqueterie: a ci, amma kada a ƙona

Duk Yawunde ta san tsiren Briqueterie, ni ma daga Nkomkana nake takowa in saya. Da wannan sana'a aka rene mu, shi ya sa maganar take mini nauyi.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce naman da aka sarrafa yana jawo sankarar hanji, jan nama ma ana zarginsa. Gefen da ya ƙone ƙurmus a garwashi kuwa, sinadaransa ba na alheri ba ne.

Ban ce a bar sana'a ba, wallahi. Mahauta, a sassauta wuta. Mu kuma mu daina cewa "ƙona mini shi sosai", mu rage na kullum-kullum, mu yawaita ganye da wake. Jiki amana ne.