Mai neman haske, kada ya sayo hayaƙi



A wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauko maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a lokacin tara, amma ba a faɗa a gaban malamai. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tana matsowa, kuma wasu daga cikin yayyenmu na aji uku, da wasu na babbar sakandare, sun samo wa kansu sabon wurin karatun dare. Wurin kuwa shi ne ɗakunan da ake shan shisha, irin waɗanda ake ɓoyewa a bayan gidan kallon ƙwallo ko bayan shagon caji. Idan ka tambaye su sai su ce: "Mu ba sha muke yi ba, karatu kawai ya kai mu."

Ba za mu fara da zaginsu ba, domin dalilinsu ba ƙarya ba ne. Duk wanda ya tashi a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ya san yadda dare yake idan babu wuta. Da safe muna boko, da yamma Islamiyya. Da damina akwai gona, in kaka ta zo akwai yankan shinkafa da ɓarar masara. Lokacin da ya rage wa ɗalibi shi ne bayan isha'i. A lokacin nan cocila ɗaya ce a gida kuma Umma tana aiki da ita, ƙanne suna guje-guje a tsakar gida, wayar da aka tura mata tambayoyin jarrabawar baya ta mutu tun la'asar. Can kuwa akwai injin ko sola, akwai fanka, akwai kujera, akwai wurin caji. Wa zai ce bai gane abin da ke jan su ba?

Amma duk da haka muna cewa wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mu duba abin da ke cikin tukunyar tukuna. Shisha taba ce. An kwaɓa ta da ruwan rake mai kauri, an sa mata ƙamshin tuffa ko na'a-na'a ko kankana, shi ya sa ba ta wari irin na sigari. A samanta ake ɗora garwashin gawayi, hayaƙin ya bi ta cikin ruwa, sannan ya fito ta tiyo. Masu sha suna cewa ruwan nan yana wanke dattin. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, sai mutum ya ja da yawa ba tare da maƙogwaronsa ya yi zafi ba. Nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da taba, yana nan yana wucewa. A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa zaman shisha ɗaya, na minti 20 zuwa 80, yana iya sa mutum ya shaƙi hayaƙi mai yawan na karan sigari 100 ko fiye.

To, shi mai littafi da ke gefe fa, wanda bai taɓa tiyon ba? Ai hancinsa bai san cewa karatu ya zo yi ba. Iskar ɗakin ɗaya ce. Kuma tun da wurin a ɓoye ake yinsa, ƙofa a rufe take, taga ma an toshe ta da labule ko kwali. Hayaƙin da mai sha ya fesar da wanda ke tashi daga garwashi duk suna nan suna zagayawa, fanka kuma tana raba wa kowa nasa kason.

Garwashin nan ne ya fi ba mu tsoro. A darasin kimiyya mun koyi cewa gawayi idan yana ci yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga huhu sai ta manne wa jini, kuma ƙarfin mannewarta ya ninka na iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200. Sai jini ya rage kai iska mai kyau zuwa ƙwaƙwalwa. Daga nan sai ciwon kai, jiri, kasala da gyangyaɗi. Ita ce dai iskar da iyayenmu suke jin tsoro idan suka hana mu kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki da hunturu, ko suka ce kada a kunna injin a cikin gida. Yanzu a ce mutum ya ɗauki littafin lissafi ya tafi inda ƙwaƙwalwarsa za ta rasa iska, wai don ya fi ganewa? Wasu ma idan kansu ya yi ciwo washegari a aji, sai su ce yawan karatu ne.

Ban da hayaƙi akwai hayaniya. Waƙa tana tashi, ana musun Barcelona da Real Madrid, ana dariya, kowa yana nuna wa ɗan uwansa bidiyo a waya. Mu da muke kasa gane darasi idan ajin da ke kusa da namu yana surutu, ba mu ga yadda za a haddace komai a nan ba.

Sannan mai wurin ba sadaka ya buɗe ba. Man injin da kuɗi yake saya. Yau zai bar ka ka zauna kyauta, gobe ma haka, domin ya san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wata rana aboki zai miƙo tiyo ya ce, "Ɗan ja sau ɗaya mana, ai tuffa ce." Mutum nawa ne za su iya cewa a'a kullum, alhali a kan kujerar mutane suke zaune, da wutar mutane suke caji? Tiyon kuma daga baki zuwa baki yake yawo, ba ka san wa ke tari ba.

Akwai kuma doka. Tun 2015 Najeriya take da dokar taƙaita shan taba, wadda ta hana sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shan ta a rufaffun wuraren taruwar jama'a. Ruwanda da Kenya sun haramta shisha gaba ɗaya a 2017. A nan Kano ma an hana, kuma Hisba tana kai samame irin waɗannan wurare. Ranar da aka zo, babu wanda zai tsaya duba wa ke riƙe da tiyo, wa ke riƙe da biro. Sai dai Baba ya ji labari a masallaci da asuba.

Yanzu maganarmu ta juyo gare ku, malamanmu da iyayenmu, cikin ladabi. Idan aka ce wa yaro kada ya je can, to ina zai je? Hani kaɗai ba ya kunna fitila. Muna roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai su taimaka a sa wa aji ɗaya tak sola: ƙwai huɗu ko biyar, da wurin caji. Ba fanka muke nema ba, ba talabijin ba. A buɗe shi bayan isha'i zuwa ƙarfe goma ga maza na kusa, Baba maigadi yana nan, malami ɗaya yana leƙowa bi da bi.

Kada kuma a manta da 'yan uwanmu mata. Su ba sa zuwa wurin shisha, amma ba don suna da haske a gida ba. Ba a barin su fita da dare ne, ga kuma wanke-wanke da raino suna jiransu. Jarrabawa ɗaya za mu zauna da su. Su a ba su ajin ranar Asabar da Lahadi da hantsi, a kuma bari su bar wayoyi ko ƙananan fitilunsu na caji a can, su tafi da su gida da yamma.

Mu 'yan kulob mun yarda za mu ɗauki shara da rajistar masu shiga da fita, mu kuma tabbatar babu mai kunna waƙa. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan allo. Duk ɗalibin da zai yi amfani da ajin idan an buɗe, mace ko namiji, ya rubuta sunansa da ajinsa kafin a tashi ranar Alhamis. Ranar Juma'a bayan asambili za mu kai takardar ofishin shugaban makaranta.