Tun Ran Gini Ran Zane

A hutun da ya wuce na tarar da ƙanen mahaifina, Baffa, cikin ɓacin rai. Shi baduku ne, takalma yake ɗinkawa tun kafin a haife ni. Bara ya yi wata uku yana gyara wani sabon fasalin takalmi, mai igiya uku da suka sarƙe a bisa ƙafa. Da ya kai kasuwa gab da ƙaramar salla, samari suka yi ta rububinsa. Ba a yi wata shida ba sai ga irinsa sak, na roba, an shigo da shi buhu-buhu, ana sayarwa rabin kuɗin nasa. Yanzu yara biyu daga cikin masu taya shi aiki sun koma gida don babu ciniki. Wannan shi ne Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na dawo makaranta na tambayi malaminmu na darasin kasuwanci ko akwai dokar da ta hana irin wannan. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Ashe dokar tana nan tun 1970, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, watau Dokar Soja mai lamba 60, wadda ta shafi ƙirƙira da zane-zanen kayan masana'antu. Abin da ta kira zane shi ne haɗin layuka ko launuka, kamar na jikin atamfa, ko kuwa siffar abu, kamar fasalin takalmi ko kwalba ko kujera, muddin an yi shi da niyyar a riƙa fitar da irinsa da yawa. Wanda ya kai zanensa ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya a Abuja, aka karɓa, to ba mai ikon kwaikwayonsa, ko shigo da irinsa, ko sayarwa, sai da izininsa. Rajistar tana aiki shekara 5, ana kuma iya sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15 ke nan. Wanda ya keta, ana iya kai shi Babbar Kotun Tarayya.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan ne Baffa ya yi asara. Dole zanen ya zama sabo a ranar da aka nemi rajista. Idan ka riga ka baje shi a kasuwa kowa ya gani, a idon doka ya daina zama sabo. Da Baffa ya san haka, da ya nemi takarda kafin ya kai takalminsa rumfa. Tun ran gini ran zane.

Na san wasu za su ce, ai mu da kwaikwayo muke koyon sana'a, yaro yana duban hannun ubangidansa ne ya iya, kuma arziki na Allah ne. Wannan gaskiya ne. Dokar ma ba ta hana kowa ɗinka aska takwas a babbar riga ko zana dagi a bango ba, domin waɗannan gadonmu ne duka, ba sababbi ba ne, babu mai iya cewa nasa ne shi kaɗai. Abin da take karewa shi ne sabon abin da mutum ya wahala ya fitar da kansa, shi ma na ɗan lokaci, daga nan ya zama na kowa. Almajirin sana'a da ke koyo daban, attajirin da ya ɗauki takalmin wani ya aika a buga masa dubbai daban. Na farko yana neman ilmi, na biyu yana girbin gonar da bai nome ba.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya ga ƙananan masu sana'a. Kaduna ta yi suna da masaƙu tun da aka buɗe ta farko a 1957, amma a 2007 babbar masaƙar nan ta UNTL ta tsayar da aiki, mutane da yawa suka rasa abin yi. Dalilan suna da yawa, akwai rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri, amma har da atamfar jabu da ake kwafe zanenta a buga a waje a shigo da ita da araha. A Ghana, da abin ya ishe su, gwamnati ta kafa kwamiti a 2010 mai kama irin wannan atamfa yana ƙonawa.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko, gwamnati ta fassara wannan doka da Hausa, a riƙa bayaninta a rediyo, a kuma sauƙaƙa hanyar rajista, domin badukun da ke ƙauye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a Abuja ba. Ta biyu, ƙungiyoyin dukawa da maɗinka da kafintoci su haɗa kuɗi su taimaki duk ɗan'uwansu da ya fito da sabon abu ya yi masa rajista. Ta uku tamu ce mu 'yan makaranta. Mu ne muka iya karatu da cika takarda. Idan mun je hutu, mu zauna da iyayenmu mu gaya musu cewa fasaha dukiya ce kamar gona, kuma gonar da ba ta da shaida kowa na iya shiga.

Baffa ya ce mini yana da wani sabon fasali a ransa. Na roƙe shi kada ya nuna wa kowa sai na dawo mun rubuta takarda tare. Allah ya sa mu dace, amin.