Katangar gida: inda rikicin fili da ambaliya ke somawa

A sabbin unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, abu na farko da mai fili ke ginawa shi ne katanga. Dalili a fili yake: filin da aka bari a buɗe na iya zama juji, ko a wayi gari an sayar wa wani. Shi ya sa ƴan ci-rani da dama ke fara aiko kuɗin bulo tun kafin su yi tunanin ɗaki.

Sai dai katanga ba ta mai gida kaɗai ba ce. Iyakar kowane fili tana cikin taswirar rabon filaye, kuma turakun siminti da ma'auna suka kafa ke nuna ta a ƙasa. Abin da ya wuce turakun ta gefen hanya mallakar jama'a ne, kuma a doka daɗewa a kai ba ya mayar da shi na mutum. Duk wanda ya ƙara ko da rabin mita, hukuma na da ikon rushewa, asarar kuma tasa ce.

Illar ta fi fitowa da damina. Idan gidaje goma a layi ɗaya kowa ya ci kaɗan, hanya ta matse, ruwan da ya rasa mafita sai ya faɗa gidan da ya fi kwari. Daminar 2024, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar ta kuma rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, ta nuna raunin ginin ƙasa idan ruwa ya kwanta a gindinsa. Ragin farashin siminti da gwamnati ta yi a Oktoban shekarar ya sauƙaƙa sake gini, amma siminti ba ya gyara katangar da ta tare hanyar ruwa.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, sa ido kan wannan ya koma hannun kantomomi. Aikin da ke gabansu shi ne duba layi lokacin haƙa tushe, maimakon zuwa da katafila bayan an gama.

Ga mai aiko kuɗi daga Legas, Abijan ko Tamanraset, abu uku sun cancanci tabbatarwa kafin buhun siminti na farko: takardar fili ta asali, ma'auni ya gano turaku a gaban maƙwabta, sannan a tambayi ma'aikatar magajin gari izinin da ake buƙata. Kuɗin awo bai kai na gini sau biyu ba.